Mutumin da Ba Ya Faɗin Inda Ya Je

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na Rurum Tsohon Gari, bayan wata huɗu yana fama da ciwon ƙirji. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka dosa. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi. Ni ina cikin gida tare da mata, ban ga komai ba sai ƙarshen makara tana ficewa ta zaure.

Katanga ɗaya ce ta raba tsakar gidan da inda maza suke zaman makoki, saboda haka duk abin da aka faɗa a waje muna ji. Kowa ya zo da guntun da ya riƙe. Manoma suka ce shi yake kore musu birai daga masara ba tare da ya harbi ko ɗaya ba. Wani tsohon maharbi da aka ɗauko a babur daga Kibiya ya gyara murya ya ce, "Shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya da mutumin nan, wallahi ban san inda yake samo nama ba. In ka ce daga ina, sai ya ce daji." Aka yi dariya, irin ta gidan mutuwa da ake saurin haɗiyewa. Samarin da suke farauta da karnuka su ma sun zo, na ji ɗaya yana cewa tsoho ya tafi da dajin a cikinsa. Na san muryar, na kuma san ba kewar Kawu yake yi ba, naman yake kewa.

Iya, matarsa, tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi a hannu. Da ta ji maganar tsohon maharbin sai ta ɗaga kai ta ce mana, "Ni ma abin da yake ce min ke nan. In na ce Malam daga ina, ya ce daji. In na ce wane dajin, ya ce a ba shi ruwa. Yau ce rana ta farko da na san takamaimai inda yake."

Ranar uku aka yi min sallama a zaure. Da na fita sai na ga Dakta, malamina na jami'a, wanda ya duba min binciken kammala digiri a sashen kula da gandun daji da namun daji. Daga Kano ya taso musamman. Ya yi min gaisuwa, ya yi wa Kawu addu'a mai tsawo, don ya san shi. Har ya miƙe zai tafi sai ya sake zama, yana murza hularsa.

"Malama, na san ba ranar wannan magana ba ce. Amma za a fara aikin ƙidayar abin da ya rage na namun daji a duwatsun Rano da Kibiya, kuma ana neman wanda zai riƙe wannan yanki. Ke na fara tunawa. Abu ɗaya ake buƙata a fom ɗin neman aikin, wurin da aka tabbatar akwai dabba, da lambarsa ta taswira da hotonsa. Marigayi bai bar miki komai ba?"

Na ce zan yi tunani. Shekara tara ke nan da na gama wannan karatu, ban taɓa yin aikinsa ko na yini ɗaya ba. Ina koyar da darasin noma a wata sakandare a Kibiya, ina zana wa yara hoton garma a allo, su da suka taso da ita a hannu. Takardun neman aikin da na rubuta sun isa a dafa wake da su. Ga shi an kawo min aikin har zaure, kuma Kawu ya bar min abin da ake nema. Ni kaɗai ce a duniya na san wurin. Don haka wannan rubutu da nake yi don kada a manta da shi, ina yin sa ne fom ɗin Dakta yana ajiye a gefena.

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Gajere ne, siriri, ƙafarsa ta hagu ta ɗan karkace tun wata faɗuwa da ya yi a kan dutse yana saurayi. Ba ya son surutu, ba ya son turare, yana cewa turare sallama ce da mutum yake aika wa dabba tun daga nesa. Yana da wata ɗabi'a da duk Rurum aka san shi da ita: ba ya dawowa ta hanyar da ya fita. In ya fita ta gabas, ta kudu za a gan shi ya ɓullo, ko da hakan zai ƙara masa tafiyar sa'a guda. Ba ya nuna wuri da yatsa. Daga saukar ruwan farko har a yi girbi bindigarsa ta toka tana rataye a bango, don a lokacin dabbobi suna da ciki ko suna shayarwa. Iya takan ce mijinta ne kaɗai maharbin da gidansa yake cin miyar kuka lami rabin shekara.

Ranar da na sami gurbin karatu a jami'a, ni ba wannan fanni na nema ba. Likitanci na nema, aka ba ni namun daji. Na yi kuka har idona ya kumbura. Mahaifiyata ta ce in je in gaya wa Kawu, ko ba komai shi ya san dabbobin. Na same shi yana ɗinke burgaminsa a gindin ɗinya.

"Me aka ce za a koya miki?"

"Yadda ake kula da namun daji, Kawu."

"A ina?"

"A Kano."

Ya ajiye basillar ya dube ni. "A Kano. Cikin gari. Inda ko kurege sai an biya kuɗin shiga ake ganinsa." Ya yi dariya har da tari. "Shekara nawa?"

"Biyar."

"Uwata, ki ba ni wata biyar, in ban koya miki ba ki kai ni ƙara."

Na ji haushi ƙwarai. Wannan haushin ne ma ya sa na tafi na yi rajista, don in dawo in nuna masa akwai abin da bai sani ba. Kuma akwai ɗin. An koya mana sunan kowace dabba da harshen masana, da yadda ake gane shekarunta ta haƙori, da irin ciyawar da take ci, da dokokin da suka hana kashe ta. An koya mana cewa abin da ba a ƙidaya ba, ba a rubuta ba, hukuma ba ta san da shi ba, kuma ba za ta kare shi ba. Wannan magana Dakta ya maimaita mana ita har ta zauna min a ka. Har yau ban ce ƙarya ba ce.

Duk hutu ina Rurum. Kawu ya fara da tsokana, yana kirana malamar birai, daga baya ya fara cewa in sa takalmin roba in biyo shi bayan sallar asuba. Mutanen gari suka yi ta magana, wai mace da yawon daji. Ya ce musu uwarsa ce, ba ruwan kowa. A wurinsa na ga abin da a aji sai dai hoto. Zai tsuguna a kan sawu ya ce wannan zomo ne, jiya da yamma ya wuce, kuma a tsorace yake. Zai murza kashin dabba a tafin hannu ya ce kanya ta ci, ke nan ta gangaro daga wajen rafi. Ni kuma in buɗe littafi in rubuta.

Wata rana na ce zan gwada masa yadda ake ƙidaya a jami'a. Na ja igiya, na ce za mu bi layi ɗaya miƙaƙƙe, duk abin da muka gani dama da hagu mu rubuta. Ya bi ni a baya har ƙarshen layin. Muka sami kashin akuya da sawun jaki.

"To, malama, nawa muka samu?"

Na duba littafin.

"Ita dabbar an gaya mata ta zo ta tsaya a layin naki?"

Na ce ai lissafi ake yi daga baya. Ya ce Allah ya ba da sa'ar lissafi. Amma washegari shi ya riƙe min bakin igiyar, kuma na lura yana ɗan karkatar da ni, ba tare da ya faɗa ba, zuwa inda za mu sami abin rubutawa.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Na zaɓi beguwa, don Kawu ya taɓa cewa saura gida ɗaya a duk duwatsun da ke kewaye da mu. Na roƙe shi ya kai ni. Ya ƙi. Na sa mahaifiyata ta roƙe shi, ya ƙi. Na zauna a ƙofar ɗakinsa na yi ta magiya kwana uku, na ce in ban sami wannan ba digirina ya lalace. A rana ta huɗu ya ɗauki sandarsa ya ce in taso.

Kogo ne a ƙarƙashin wani faffaɗan dutse, bakinsa bai fi a shiga da rarrafe ba. Ga ƙayoyinsu a zube, baƙi da fari, ga ɓawon rogon da suka jajibo, ga ƙananan sawu a cikin manya. Ya ce tun mahaifinsa ake da su a nan, kuma duk shekara guda ɗaya tak yake ɗauka, namiji, wani lokacin ma ya bar shekarar ta wuce. Na ciro na'urar da aka ba mu aro a sashe, wadda take ba da lambar duk inda mutum ya tsaya. Ya tambaye ni mece ce. Na yi masa bayani.

"Wato duk wanda ya ga lambar nan zai iya zuwa nan?"

"Malamaina ne kawai za su gani, Kawu."

Ya daɗe yana kallon na'urar. "Wuri ba a faɗarsa, Uwata. Ko ni ban taɓa faɗa wa Iyarki ba."

Na ce na ji. Kuma a lokacin har zuciyata na ji ɗin.

Binciken ya yi kyau. Dakta ya yaba, ya ce irinsa ake so, ilimin gargajiya da na zamani a wuri ɗaya. Kaina ya yi girma. Akwai babi na ƙarshe da ake so ɗalibi ya wayar da kan jama'ar wurin, don an koya mana cewa dabba ba ta tsira sai mutanen da ke zaune kusa da ita sun san darajarta sun kare ta da kansu. Na nemi izinin mai unguwa, aka tara mutane a filin makarantar firamare ranar da Kawu ya tafi kasuwar Rano. Ban zaɓi ranar da gangan ba, ko kuma na zaɓa, har yau ban gama yi wa kaina wannan shari'a ba. Na kafa babbar taswira a jikin bango. Na yi bayanin amfanin beguwa, na ce dukiyarmu ce, na ce jikokinmu suna da hakkin su gan ta. Wani saurayi ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malama, to a ina suke, don mu san inda za mu kiyaye?" Na ɗauki sanda na nuna. Aka tafa min.

Ba a yi kwana goma ba. Suka je da karnuka, suka cusa kara da busasshen barkono a bakin kogon suka kunna wuta, suka tsaya da sanduna. Bakwai aka ce sun fito, har da ƙanana biyu. Na ga naman da idona a kan tire a bakin tasha, ana yayyafa masa yaji.

Na je gidan Kawu. Na shirya wa zagi, na ma fi son zagin. Yana zaune a gindin ɗinyar nan, ya riga ya je ya gani, don akwai toka a ƙafar wandonsa. Na durƙusa na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Kin ci abinci?"

Na ce a'a.

"Shiga Iyarki ta ba ki."

Shi ke nan abin da ya ce min a kan maganar, daga ranar har shekara takwas.

Abin da ban sani ba sai daga baya, tsofaffin maharba sun taru a kansa. A wurinsu babban abin kunya ne a ce makwancin da aka gada ya fita ta gidan mutum. Wasu suka ce a kira ni a gaban mai unguwa, a ja min kunne a bainar jama'a, a hana ni sake shiga dajin. Kawu ya ce ba za a kira kowa ba. Ya ce yarinya abin da aka koya mata ta yi, kuma ta yi shi da kyakkyawar niyya, wanda ya san ƙa'ida ya take ta shi ne wanda ya kai ta wurin, wato shi kansa. A shekarar ake shirin ba shi shugabancin maharban yankin. Aka ba wani. Tsohon nan na Kibiya ne ya gaya wa mahaifiyata, ita kuma ta riƙe abin shekara biyu kafin ta gaya min, ranar da na yi mata rashin kunya a kan wata magana.

Bindigar da ya rataye a daminar nan bai sake sauke ta ba. Amma bai daina fita ba. Kullum da sassafe zai ɗauki sanda da gorar ruwa, ya dawo da hantsi ta wata hanyar, hannu wofi. Na yi aure, na koma Kibiya, ina zuwa gaishe shi duk ƙarshen wata. Zai tambayi maigidana, ya tambayi makaranta, ya sa a kama min kaza. In na ɗauko zancen daji sai ya ce ruwan bana ya yi gyara. Ban taɓa jin nauyin alheri irin na shekarun nan ba. Da ya zage ni sau ɗaya, da na sami wurin ajiye abin.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ce. Yana da taurin kai na ban haushi. Ya ƙi asibiti har sai da ciwon ya ci ƙarfinsa. Bai koya wa 'ya'yansa maza komai na daji ba, ya ce ba su da ciki, suka tashi suna ganin ya rena su, ɗaya har yau da ɗacin abin a ransa. Na taɓa ce masa, a cikin shekarun shirun nan, irin wannan ɓoyo shi ya sa in tsoho ya mutu komai yake bin sa. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin nasa ya fi mari ciwo.

Bara da kaka, kafin ciwon ya kwantar da shi, ya aiko a ce in zo. Na same shi ya sa takalmin fita, yana numfashi da ƙyar.

"Kin zo da littafin?"

"Na daina yawo da littafi, Kawu."

"Wayar fa?"

Na nuna masa.

"Ba Iyarki ta riƙe."

Ba zan faɗi ta inda muka fita ba. Tafiyar da a da zai yi a sa'a ɗaya, ranar sai da muka yi kusan uku, yana tafiya yana dafa duwatsu, ni ina riƙe da gorar. Sau biyu na ce mu koma. Ya ce in na gaji in zauna. Muka kai wata tsaguwa tsakanin duwatsu biyu, wadda in ka wuce ta sau ɗari ba za ka ce akwai hanya ba. A ciki akwai ɗan fili, da baure guda, da ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasan dutse. Ya zaunar da ni a inda iska take kaɗowa daga gabanmu, ya sa yatsa a baki.

Mun fi rabin sa'a a zaune, har ƙafata ta yi tsami. Sai ga ta. Gada ce, ja-ja, ba ta fi ƙaramar akuya ba, tana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tsoron taka ƙasa. Ta tsinci baure, ta ɗaga kai, ta kaɗa kunne. A bayanta ga ɗanta. Shekara biyar na yi ina karanta gada, na zana ta a jarrabawa, na san sunanta na masana, ban taɓa ganin ta da rai ba sai ranar. A littattafanmu ma an riga an cire ta daga lissafin wannan yanki. Hawaye ya zubo min, na kasa ko share shi don kada in motsa.

Da suka shige, Kawu ya jingina da dutse ya rufe ido.

"Su biyar ne. A da uku ne, na yi ta toshe hanyar karnuka da ƙaya, ina share sawu. Nan nake zuwa kullum."

"Kawu, me ya sa ka kawo ni? Ni da na..."

"Na gaji, Uwata. Abin da nauyi, mutum ya riƙe shi shi kaɗai. Na duba duk garin, ke kaɗai kika san abin da faɗin wuri yake jawowa. Sauran ba su taɓa ƙonewa ba."

Ban yi masa alkawari ba, bai kuma nema ba. Muka koma ta wata hanyar, mai nisa, yana tafe yana jan reshen sabara a bayansa. Wannan ce fitarsa ta ƙarshe.

Bayan sadakar uku Dakta ya kira ni a waya sau biyu. Mutumin kirki ne, kuma ba don kansa yake yi ba. Na gaya masa gaskiya cewa akwai abin da na gani, ban ce a ina ba. Ya ce, "Malama, ki duba. Masu fasa dutse suna ta matsowa, kin ga abin da suka yi wa duwatsun bakin titi. In ba a rubuce yake cewa akwai dabba a wuri ba, ranar da za a sa wa dutsen nakiya ba mu da bakin magana. Marigayi ya kare su daga karnuka. Wa zai kare su daga wannan? Kuma yanzu ba kamar da ba ne, lambar ba za ta fita daga ofis ba."

Na ce haka na gaya wa Kawu a bakin kogon beguwa.

Ya ce, "Na sani. Ni na sa miki hannu a babin nan. Ni ma ban manta ba."

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. Maganar Dakta gaskiya ce, ta Kawu gaskiya ce, ni ce a tsakiya da alli a hannu da shekara tara na jira. Na san yadda takarda take tafiya: daga tebur zuwa tebur, wani ya buga, wani ya kwafa, direba ya kai masu dubawa, mai babur ya nuna musu hanya, da yamma a ba da labari a teburin mai shayi. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu. Ni ma ba muguwa ba ce ranar da na ɗaga sanda. Na kuma san nakiya ba ta tambayar kowa. Na gaji da auna abin, na gaji da zama wadda ta yi karatu, na gaji da jin muryoyin mutum biyu da nake girmamawa suna musu a cikin kaina.

Washegarin sadakar bakwai na ce wa maigidana ya sauke ni a bakin wata hanya ya tafi harkarsa. Ya dube ni, ya dubi takalmin robar da na sa, bai tambaya ba. Na bar wayar a gida. Na ɓata sau ɗaya kafin in gane tsaguwar. Ƙayar da Kawu ya toshe hanyar karnuka da ita ta bushe, iska ta ja wani sashe gefe, wata huɗu ba wanda ya taɓa ta. Na sassaro sabuwa na mayar, ta yayyage min hannu. Ban ga gada ba. Amma a gindin bauren akwai kashi sabo, bai ko bushe ba, na murza shi a tafin hannu kamar yadda yake yi. A bakin ruwan ga sawu manya, ga wasu ƙanana ƙwarai waɗanda bara babu su.

Da yamma na kira Dakta. Na ce zan rubuta cewa akwai gada a ƙasar Rano, na gani da idona, in sa hannu, in rantse a gaban duk wanda ake so. In an zo fasa wani dutse a yankin nan, a kira ni, zan tsaya a gaba in yi magana. Amma lamba da hoto ba zan bayar ba. Ya ce ba za a karɓi fom ɗin haka ba, kuma dole ya ba wani gurbin. Na ce na sani. Ya ce yana ganin kuskure nake yi. Na ce mai yiwuwa ne, na taɓa yin ɗaya, na san kamanninsa, wannan dai ban san nasa ba tukuna. Ya yi wa Kawu addu'a muka ajiye waya. Ranar Litinin na koma aji na zana garma.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya saka masa da rufin asirin da ya yi wa bayin Allah marasa baki, da wanda ya yi min. Ya sa inda ya je ya fi inda ya baro. Ban san ko zan iya abin da ya yi ba. Ƙafata ba irin tasa ba ce, ina da aji, ina da gida, sau ɗaya a mako kawai nake samun zuwa, kuma tun yanzu na fara jin nauyin da ya faɗa.

Ranar da na fara zuwa ni kaɗai ɗin nan, ban koma ta inda na shiga ba. Na zaga ta bayan gonaki, na ɓullo Rurum ta wani gefen da rana tsaka, na shiga gaida Iya da ke cikin takaba. Tana zaune inda na bar ta, a ƙofar ɗaki. Ta dubi ƙafata, ta dubi ƙaiƙayin ciyawa a zanena, ta dubi hannuna da ƙaya ta yaga.

"Ke kuma daga ina haka?"

Na ce, "Daji."

Ta daɗe tana kallona. Carbin ya tsaya a hannunta. Sai ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta yunƙura ta tashi, ta je randa ta ɗebo min ruwa.